Kada ruwa ya ci yaro: matakan kare ƙananan yara a tsakar gida da bakin gulbi a Maraɗi

Idan aka ce ruwa ya ci yaro, hankalin yawancin mutanen Maraɗi yakan tafi kai tsaye ga gulbi ko tafkin Madarunfa. Amma yaron da bai kai shekara 5 ba bai cika isa can ba. Ruwan da ya fi yi masa barazana shi ne wanda ke tsakar gidansu ko 'yan taku kaɗan daga ƙofar gida, wato bokitin wanki, da bahon wanka, da tanon da 'yan garuwa suka cika da safe, da rijiyar da ba ta da murfi, da ramin da aka haƙa don shadda aka dakata da aikin har ruwan sama ya cika shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan wannan asara.

Abu na farko da ya kamata duk mai reno ya sani shi ne nutsewar yaro ba ta da ƙara. Yaron da fuskarsa ta shiga ruwa ba ya iya kuka, domin kuka sai da numfashi, kuma ba ya bubbuga ruwa yadda mutane suke zato. Uwa tana iya kasancewa a gindin murhu tana tuƙa tuwo, tsakaninta da shi bai fi taku goma ba, ba ta ji komai ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da sauran jikinsa, don haka da zarar ya leƙa cikin bokiti sai kan ya rinjaye shi, hannuwansa kuma ba su da ƙarfin da zai turo kansa waje. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba ya isa, matuƙar ya rufe baki da hanci. Cikin kimanin minti 2 yaro yana iya suma, idan kuma ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 ba ta samu iska ba, lahanin da ba ya warkewa yakan fara.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ɗora dukan nauyin a kan idon uwa. Babu macen da za ta iya kallon yaro daga asuba zuwa isha'i ba ta kau da kai ba, ga daka, ga wanki, ga girki, ga 'yar sana'ar da take yi a cikin gida. Dole ne a sa wani abu tsakanin yaro da ruwa, abin da zai ci gaba da tsare shi a daidai lokacin da ido ya kauce.

A fara da tsakar gida

Maigida da uwargida su ware lokaci su zaga gidan tare, suna duba kowane lungu daga tsayin yaro mai rarrafe, su lura da duk wani mazubi ko rami da kan yaro zai iya shiga. Duk bokiti da baho da kwatarniya da aka gama aiki da su a zubar da ruwansu nan take, a kife su, domin wanda aka bari a buɗe a tsakar gida ruwan sama na dare ɗaya yana cika shi. Bokitin fenti mai lita 20, wanda gidaje da yawa suke ajiye ruwa a ciki, ya fi sauran haɗari, saboda yana da zurfi, gefensa a miƙe yake, kuma idan da ruwa a ciki ba ya kifewa ko da yaro ya faɗa da ka. Kada a manta da kayan da aka jiƙa za a wanke da yamma, da ruwan tsarin da ake ajiye wa awaki bayan an wanke surfe, da kwamin shayar da dabbobi. Waɗannan ba a cika lissafa su cikin ruwa mai haɗari ba, kuma a ƙasa suke zaune, daidai inda yaro yake yawo.

Tun da yankewar pampo ta sa tara ruwa ya zama dole, ya fi kyau a riƙa tara shi a bido mai ƙaramin baki. Idan tano ne ko randa, a yi musu murfi mai nauyi wanda ake ɗaurewa ko ake kullewa, domin faifai ko tire da aka ɗora a kai yana hana ƙura ne kawai, yaro ɗan shekara 2 yana ture shi da hannu ɗaya. Inda hali ya yi, a mayar da ma'ajiyar ruwan gaba ɗaya cikin ɗaki ko lungu mai ƙyaure, a sa sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Rijiya tana buƙatar a kashe mata kuɗi, kuma wannan aikin maigida ne. A gina mata bango na siminti da ya kai ƙugun babban mutum, a sa murfin ƙarfe mai kwaɗo, a kuma saba da rufe shi duk lokacin da aka gama jan ruwa, ko da za a sake dawowa bayan ɗan lokaci. Tsohon kwano mai tsatsa ko ruɓaɓɓen katako da aka shimfiɗa a bakin rijiya ya fi barinta a buɗe haɗari, saboda yaro yana ganinsa wuri ne na takawa. Rijiyar da aka daina amfani da ita a cike ta da ƙasa. Haka kuma a duba shadda da kwatami kafin damina ta kankama, domin ruwa yana jiƙa gefen rami ya zabtare shi ta ƙarƙashi alhali saman yana nan kamar lafiya lau. Masu gini a sababbin unguwanni kuma su sani cewa ma'ajiyar ruwan da magina suke ginawa a ƙasa, da ramukan da ake bari a kangon da ba a gama ba, amana ce a wuyansu, domin yaran maƙwabta a nan suke wasa idan ma'aikata sun tashi.

Wanka yana da ƙa'ida guda: a tattara sabulu da soso da zanen goge jiki kafin a sa yaro a baho, idan kuma aka yi sallama ko waya ta yi ƙara, a naɗe shi a tafi da shi.

Akwai wani lokaci a rayuwar yaro da ya kamata a ƙara sa ido a kansa. Muddin yana goye a bayan uwarsa, yana cikin kariya mai kyau, in dai an ɗaure majanyi sosai kafin a sunkuya a bakin rijiya ko gulbi. Haɗarin yakan fara ne ranar da ya sauka daga baya, ya koyi tafiya, aka yaye shi ko aka yi masa ƙane, hankalin gida ya koma kan jariri. Daga shekara 1 zuwa 4 ƙafa tana da sauri, hankali kuwa bai san tsoro ba. A wannan tsakanin yana da amfani a sa kafinta ya yi ɗan shingen katako da za a tare ƙofar ɗaki ko ƙofar zaure da shi, a tabbata tazarar sandunansa ba ta kai yadda kan yaro zai shige ba, kuma babu sandar kwance da zai taka ya haura.

A hannun wa yaron yake?

Gidan yawa yana da albarka, amma yana da wani tarko: idan manya sun yi yawa, kowa yakan ɗauka cewa wani yana kallon yaron. Shi ya sa ranakun suna da biki da zaman makoki suke da haɗari na musamman, ga tanuna cike da ruwan girki, ga bokitan wanke-wanke a ko'ina, ga ƙofar gida a buɗe tun safe. Maganin wannan shi ne a riƙa miƙa yaro da baki, a kuma jira amsa. Uwa ta ce, “Inna, ga shi nan a hannunki, zan shiga wanka,” kada ta wuce sai ta ji an ce, “Na karɓa.” Ita ma wadda ta karɓa, idan za ta tashi, ta miƙa shi ga wani da sunansa. A kusa da ruwa, kallo daga nesa ba tsaro ba ne. Mai kula da ƙaramin yaro ya kasance a inda zai miƙa hannu ya kama shi, kuma hankalinsa ba a kan waya yake ba.

Yarinya 'yar shekara 7 ko 8 tana iya yi wa ƙanenta wasa a cikin ɗaki, amma ba a ba ta amanarsa a bakin kududdufi ko rijiya. Ita kanta yarinya ce, wasa yana ɗauke mata hankali, kuma idan ya faɗa ba ta da ƙarfin ciro shi, sau da yawa ma sai ruwan ya haɗa da ita.

Idan aka nemi yaro aka rasa, a fara duba ruwa kafin a fita titi ko a shiga maƙwabta: rijiya, tano, shadda, sannan ramin da ya fi kusa da gida. Yaron da ya ɓace a titi yana iya jiran rabin sa'a, wanda ke cikin ruwa ba ya iya jira.

A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya daɗe yana cin yara masu yawa, an lura cewa abin ya fi faruwa daga hantsi zuwa azahar, lokacin da iyaye mata suka fi aiki. Sai aka kafa wuraren reno a ƙauyuka, inda mace ɗaya da mataimakiyarta suke riƙe yaran unguwa daga ƙarfe 9 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana, kuma bincike ya nuna haɗarin nutsewa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 ga yaran da ake kaiwa. Wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba. Matan layi ɗaya suna iya tsara ta da karɓa-karɓa kamar yadda suke zubin adashi, musamman a watannin noma da ake wuni a gona, a zaɓi gidan da ba shi da rijiya a buɗe, mai ƙofar da ake kullewa.

Damina, kududdufi da gulbi

Mutanen Maraɗi ba baƙin ruwa ba ne. Ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama, aka komo da shi kan tudu, kuma a daminar 2024, wadda ta yi sanadin mutuwar fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi yawan waɗanda suka rasu. Abin da yara ba su sani ba, sai an gaya musu, shi ne halin Gulbin Maraɗi. Yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar ruwa ta Jibiya, ya shigo ta yankin Madarunfa, ya wuce ta gefen birnin zuwa Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya. Mafi yawan shekara yashi ne, yara sun saba da tsallaka shi da ƙafa. Amma da damina ruwa yana iya saukowa daga kudu ya cika shi alhali ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba, kuma wuraren da aka ɗebi yashi da rani sukan zama ramuka masu zurfi a ƙarƙashin ruwan da ba a ganin ƙasansa. Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, cikin gulbi ba wurin wasa ba ne ko da an gan shi a bushe.

Kududdufan da suka samo asali daga haƙar ƙasar tubali su ma haka suke. Gefensu yana da santsi, zurfinsu ba daidai yake ba, taku ɗaya ruwa yana gwiwa, taku na biyu ya shanye babban mutum, laka kuma tana riƙe ƙafa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne cikarsu tana zuwa daidai da babban hutun makaranta, lokacin da yara maza suke wuni a waje, wasu suna kiwo, wasu suna neman wurin wanka. Ya kamata mazauna kowace unguwa su kai wa mai unguwa da hukumar birni maganar kududdufin da ke kusa da gidaje, a cike wanda za a iya cikewa, wanda ba za a iya ba a kewaye shi da waya ko shingen ƙaya, a ajiye doguwar gora da igiya a gidan da ya fi kusa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli, tun daga 2021, a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, kuma tun da ranar tana faɗowa a tsakiyar daminarmu, dama ce ga limamai da gidajen rediyo su tunatar da jama'a.

Da yake birnin a kan tudu yake, ruwan sama mai ƙarfi yakan mayar da tituna koramu masu gudu zuwa gulbi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 60 kuma yana tafiya da mota. Kada a aiki yaro yayin da ake ruwa ko da an ɗauke yanzu-yanzu, domin lambatu marar murfi ba ya ganuwa idan titi ya cika. Kada a hau kabu-kabu da yaro a ratsa korama, gara a jira ta janye. Malaman makarantun allo su riƙe almajiransu idan hadari ya haɗu, su kuma ƙirga su bayan an ɗauke ruwa. Wanda zai shiga kwale-kwale da yara a tafkin Madarunfa ya ƙi shiga idan an yi lodi fiye da kima, ya kuma nemi rigar hana nutsewa daidai jikin yaron.

Game da iyo, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a koya wa yara daga shekara 6, a ruwa marar zurfi wanda aka auna aka san ƙasansa, a hannun babba da ya samu horo. Jefa yaro cikin ruwa wai don ya koya da kansa ganganci ne. Yaro mai farfaɗiya kuwa, ko ya iya iyo, ba a barinsa shi kaɗai kusa da ruwa, ba a aikensa rijiya, idan zai yi wanka ya riƙa zuba ruwa da moɗa, kada ya kulle ƙofar makewayi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta yawu, don haka babu dalilin jinkirin ciro shi idan ta buge shi a ruwa.

A kuma yi wa yara alkawari tun kafin wani abu ya faru, cewa duk wanda ya rugo ya faɗi cewa abokinsa ya faɗa ruwa ba za a doke shi ba. Tsoron bulala yana sa yara su watse su yi shiru, har lokacin ceto ya wuce.

Idan abin ya riga ya faru

Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa. Ya yi kururuwa, ya kwanta rub da ciki a bakin ruwan don kada a jawo shi, ya miƙa sanda ko zane ko rawani, ko ya jefa bido marar komai da aka toshe bakinsa aka ɗaura masa igiya. Ya nuna mutum ɗaya da hannu ya ce masa ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, domin idan aka ce “a kira” kawai, kowa zai jira wani.

Da an fito da yaron, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a kira shi, a taɓa shi, a dubi ƙirjinsa na tsawon daƙiƙa 10 kawai. Shessheƙa jefi-jefi ba numfashi ba ce. Idan ba ya numfashi, abin da yake buƙata kafin komai shi ne iska. A ɗan karkatar da kansa baya, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a rufe bakinsa da baki a hura sau 5, kowace hurawa kimanin daƙiƙa ɗaya, ana ganin ƙirji yana tashi. Jaririn da bai kai shekara ba ba a lanƙwasa wuyansa, ana barin kansa a daidaice, a rufe bakinsa da hancinsa tare, a hura a hankali. Bayan haka a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da yatsu biyu ga jariri, da tushen tafin hannu ɗaya ga yaro, ana nutsa ƙirjin kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Sai a hura sau 2, a koma dannawa 30, a ci gaba da haka ba tsayawa har ya fara numfashi ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Wanda yake shi kaɗai ya yi minti ɗaya yana wannan kafin ya tafi neman taimako.

Abin da aka saba yi a irin wannan hali, wato a kama ƙafafun yaro a zazzage shi, ko a danna cikinsa don ruwa ya fito, a daina shi gaba ɗaya. Rashin iska ne yake kashewa, ruwan da ke cikin tumbi ba shi ne matsalar ba, danna ciki kuma yana turo amai ya shiga huhu, ga ɓata mintocin da ba za su dawo ba. Idan ya yi amai ana cikin aikin, a juya shi gefe, a share bakin, a mayar da shi a ci gaba. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wani magani alhali bai farfaɗo ba. Kada kuma a ɗauki yaron da ba ya numfashi a kan babur a ruga da shi, domin duk tsawon hanyar ba mai hura masa iska. A nemi mota inda za a shimfiɗe shi a ci gaba da aikin har a isa. Karatu kaɗai ba ya sa hannu ya saba da wannan, saboda haka yana da kyau kowace unguwa ta samu mutane, har da mata, da suka koyi taimakon farko a aikace a wajen ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ko ma'aikatan lafiya.

Idan yaron yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi da busasshen zane, a kai shi likita ko da ya miƙe yana magana. Ɗan ruwan da ya shiga huhu yana iya hana shi numfashi da kyau bayan wasu sa'o'i, shi ya sa ma'aikatan lafiya sukan riƙe irin wannan yaro su sa masa ido na sa'a 6 zuwa 8. Tun 2006 tsarin Nijar ya tanadi kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, don haka kada tunanin kuɗi ya sa a zauna a gida. Bayan an sallame shi ma, a kwana ana dubansa, kuma idan aka ga tari da ba ya tsayawa, ko numfashi da sauri, ko haƙarƙari yana shiga ciki, ko kumfa a baki, ko zazzaɓi, ko barci mai nauyi da ba a saba gani ba, a koma da shi a daren, kada a jira gari ya waye.